Na Kwashe Zarto, Ki Dawo Ɗakinki

Ya ke sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da na tsufa a ƙarƙashinta, uwar 'ya'yana! Ina gaishe ki da sabon idonki, da fatan ƙaiƙayin ya lafa kuma ba kya murzawa a ɓoye, don na san halinki. Na yi rubutun manya-manya don ki karanta da kanki, kada wani ya tace miki maganata.

Tun ranar da likita ya cire miki yanar idon nan, babbar 'yarmu ta ɗauke ki zuwa gidanta, wai jinya. Na ɗauka aro ne. Sai ga saƙo wai kin zauna ke nan, gidan kafinta ba wurin mai sabon ido ba ne, ƙurar katako za ta mayar da aikin baya. Wai kuma hannuna ya fara rawa, ba zan iya ɗiga miki magani ba. Ni? Yarinyar da ni na haɗa gadon da ta fara kwana a kai, ita ce yau za ta raba ni da ke? Wallahi raina ya ɓaci, kuma ban yarda ba!

Kin tuna safiyar da aka kwance miki bandeji? Ina tsaye a gabanki, kika ƙura mini ido, kika ce ashe haka furfura ta cinye ni ba wanda ya gaya miki, sannan kika hau ni da faɗa a kan maɓallin rigata da ya tsinke. Kai, ban taɓa shan faɗa mai daɗin wannan ba! Bayan duk daɗewar da kika yi kina ganina kamar ta bayan labule, yanzu da kika fara ganina garau ne zan bari a ɓoye mini ke?

To ji abin da na yi. Zarto, guduma, teburin aiki, duk na kwashe na kai rumfar ƙanena. Shagon da na ƙarar da ƙuruciyata a ciki yau fayau yake, kuma ko a jikina. Na wanke ɗakinki, na goge fanka, na kafa kanta na jera tukwane a kai don kada ki sunkuya. Murhun itace na yi masa ritaya, hayaƙi ba zai sake taɓa ki ba. Hannun da aka raina kuwa, kullum sai na wanke shi da sabulu na gwada ɗiga ruwa a idona, har maƙwabcinmu ya shigo yi mini jaje, ya ɗauka kuka nake. Ban musa masa ba.

An ce kina ɓuya don an hana ki kwalli. Tauraruwata, yaushe wata ya taɓa neman kwalli? Ki zo da baƙin tabaranki, haka nake so.

Gobe in likita ya gama duba ki, zan tsaya a ƙofar asibiti. Motar 'yarmu za ta zo, ni ma na yi magana da mai tasi. Ba zan yi hayaniya ba, ba zan ja hannunki ba. Kina gani yanzu, ki duba da kyau ki zaɓa.

Naki har numfashina ya ƙare,
tsohon kafintanki.