Fitsarin Ƙanwata Nake Kai Wa Likita

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Shekarata ashirin da biyu, ina da ciwon sukari tun ina 'yar tara. Mama ce ta raine ni da allura, har yau ita ke saka min magani a jaka kamar 'yar firamare. Bara likita ya ga furotin kaɗan a fitsarina, ya ce ƙoda ta fara wahala, gwajin jini kuma ya nuna kumburi a ciki. Mama ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ta rantse in aka sake ganin haka, sai na bar aiki na zauna gida. Ni kuwa shagon wanki da gugar da nake aiki, nan kaɗai ne ba a yi min sannu. A can ni ce gwanar cire tabon mai daga farar riga.

Sai na tafka wauta. Da gwaji ya zagayo, na roƙi ƙanwata ta cika min 'yar kwalbar gwajin da fitsarinta. Sau uku ke nan. Likita ya yaba, har ya fasa maganin da ya yi niyyar ba ni, Mama ta rungume ni tana hamdala. Yanzu fitsarina kumfa yake kamar ruwan wanki, da yamma takalmi ba ya shiga ƙafata, sai na sha maganin ciwon jiki nake iya tsayuwa gaban dutsen guga. Ƙanwata ta ce ta gama, ba da ita ba. In na faɗa, na rasa aikina da yardar Mama. In na yi shiru, tsoro nake ji wallahi.

'Yarki mai guga

'Yata, ramin ƙarya ƙurarre ne, kin kuma kai ƙarshensa. Ki gode wa ƙanwarki da ta ƙi ci gaba, ta fi ki son ƙodarki.

Kada ki jira ranar da aka ba ki, ki je asibiti cikin makon nan. Ki faɗa wa likita komai, ya ji abin da ya fi wannan. Ki tafi masa da kwalin maganin ciwon jikin, ki daina sha sai ya gani, wasunsu ƙoda suke ci.

Mama kuwa ba mugunta take yi ba, shekara goma sha uku tana kwana da fargaba. Amma zaman gida ba ya warkar da ƙoda. Ki shiga da ita wurin likita, shi zai gaya mata ko aikin zai yiwu, ko da kujera da ɗan hutu. Za ta yi fushi, za ta huce.

Ke kin fi ni sanin tabo: wanda aka kawo da wuri shi ke fita. Ki kai taki kwalbar. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya zuciyar Mama.