Muryar da Ta Hana Gidaɗo Shiga Kasuwa

Dakko, ƙasar Bakura.

Zuwa ga Yaya Tukur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya sana'a, ya haƙuri da mu? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Taiba ta sauka, an samu ɗiya mace, ta kwaso hancinka kaf, Allah dai ya ba ta haƙurin zama da shi.

Za ka yi mamakin ganin ajamina mai kama da sawun kaji alhali ga waya a hannuna. Da gangan na ba Maiwada direba ya kawo maka. Yanzu ina tsoron murya, don na ga inda take zuwa ba a aike ta ba.

Zancen guruf ɗin Watsaf ne da ka buɗe wa manoman kanal ɗinmu don sanar da rabon ruwa, ka sa ni admin tare da kai. Ka san yadda Yaya Balarabe yake da Gidaɗo ɗan Gwaggo Turai, wasan taubashi tun suna tsirara. Ranar da shanu suka taɓa wa Balarabe albasa, sai ya saki murya a guruf, ya ce Gidaɗo ya gaya wa iyayen gidansa na daji su bar masa ko ta miya. Gidaɗo ya rama, ya ce ai ko ɓarayin daji sun fi ƙarfin albasar Balarabe. Kowa ya yi dariya, har ni na ƙara gishiri. To wani ya ɗauki muryar Balarabe ita kaɗai ya tura guruf ɗin 'yan sa-kai na wajen Maradun. Can babu wanda ya san taubasai ne. Bafillace suka ji an kira da suna, an haɗa shi da daji.

Ranar kasuwa mutane da bindigogi suka yi ta tambayar mai sunan a kara, wurin sayar da dabbobi. Allah ya sa wani mahauci ya rigaye su gare shi, sai Gidaɗo ya fita ta bayan rumfuna ya bar akuyarsa a ɗaure. Tun ran nan bai kwana gida ba, shinkafarsa tana bushewa a fili. A guruf kuwa aka ɓarke, masu cewa dama sun daɗe da zarginsa, masu zagin Fulani gaba ɗaya, alhali rabinmu nononsu muka sha. Na yi ta gogewa har yatsana ya gaji. Da na ga wani ya fara kwatanta hanyar rugar su Gidaɗo, sai na kulle, ba mai magana sai admin.

Baba ya kira ni zaure ya ce yaro ba ya rufe bakin dattawa, kuma wa ya ba irina, yaron da ya taɓa sa wa ladan kwaɗo a takalmi, sarauta. Na durƙusa na ce ya yafe ni, amma ba zan buɗe ba. Yau ko gaisuwata da ka yake amsawa. Balarabe ya je Maradun da liman sun yi bayani, an ce an ji, amma magana zarar bunu ce, muryar tana can tana yawo ba liman a bayanta. Gwaggo Turai ta zo jiya ta zauna a tsakar gida, Inna ta kawo mata ruwa, har ta tashi ba ta taɓa kwanon ba.

Ga roƙona. Baba ya ce zai kira ka, tunda kai ma kana iya buɗewa. Don Allah kada ka buɗe sai Gidaɗo ya yi Juma'a a cikinmu ya koma gida da ƙafarsa. Rabon ruwa ni zan riƙa sanarwa. In kuwa ka ga ba za ka iya ƙin maganar Baba ba, ba zan ga laifinka ba, amma ka fara kiran Gwaggo ka gaya mata da bakinka.

Ka gaida Adda Lantana da yara, da Kawu Barau in kun haɗu. Inna tana sa maka albarka. A sa Gidaɗo a addu'a.

Ƙaninka,
Sallau