Motar da Yaya Ilu Ba Ya Jin Zuwanta

Talata, 30 ga Satumba, 2025
Bahijja ta cika alkawari. Yau ta iso Karaye da motar da ta ce za ta saya wa Babanta, irin mai haɗa fetur da batir. Allah ya yi wa 'yar nan albarka. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, ta fashe da dariya: "Baba, ai ka kashe ta, da farko a kunne take." Ni Halliru, shekara talatin ina tuƙi, yau 'yata ke koya mini tayar da mota.
Tsohuwar akwalata na bar wa Gwadabe bakanike. Shi ya san ciwonta.

Laraba, 1 ga Oktoba
Kowa tambayarsa ɗaya: ina zan yi cajinta, mu da muke kwana uku ba wuta? Na gaji da cewa da kanta take caji in ana tafiya. Gwadabe ya buɗe gabanta, ya ga wayoyi masu ruwan lemo, ya mayar da hannuwansa baya. Wai shi da iyali, ba zai taɓa wayar wuta ba, in kai ta Kano in ta yi tari.
Kaji ba sa kauce mata, don ba sa jin zuwanta. Na bi bayan wata tunkiya har ƙofar masallaci, ko waiwaye ba ta yi ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba
Ban ji daɗin yau ba.
Duk Juma'a bayan masallaci nakan je ƙauyenmu a ƙasar Rogo in gaida Yaya Ilu. Shi ya rene ni bayan rasuwar Baba, shekara shida ke nan da idonsa ya tafi. Kullum nakan same shi a ƙofar gida kan buzu, da babbar riga da hula, yana cewa tun daga kwanar tsamiya ya ji ƙarar salansar akwalata.
Yau hanyar ta lalace, na lallaɓa a hankali, motar tana tafiya da batir kaɗai. Ƙofar gida ba kowa. Na yi sallama ina shiga zaure, sai ga Yaya kwance a tabarma da singileti, kai ba hula, matarsa Rabi'atu tana ba shi kunu da cokali. Ba ya iya riƙe ludayi da kansa. Haƙarƙarinsa duk a waje.
Ya ja zane ya rufe ƙirji. "Wane ne? Halliru? Da ƙafa ka zo?"
Na ce sabuwar mota ce, ba ta yin ƙara. Ya ce Allah ya sanya alheri. Daga nan gaisuwa kawai, ba tsokana, ba labarin gona. Ko taɓa motar bai ce zai yi ba.

Litinin, 6 ga Oktoba
Man da Bahijja ta zuba har yau ba ta sha rabinsa ba. Sai duba allurar man nake, ko ta lalace ne.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na yi wauta. Na ɗauko gyaɗa daga gonar Kafin Dafga, buhu biyu a but, biyu a kujerar baya. Kan hanya fitilu suka kama, mota ta rage ƙarfi. Na kira Bahijja, ta ce, "Baba, me ka ɗora a baya?" Ashe gefen kujerar akwai 'yar taga da batirin ke shan iska, na toshe ta da buhu. Na sauke, na zauna a inuwa har ta huce. Akwalata ta sha ɗaukar buhu takwas da akuya, ba ta taɓa neman iska ba.
Cikinta kuma ƙasa-ƙasa ne, kowane tudu sai ta gaishe shi. Duk da haka bayana ya daina ciwo, gaskiya ɗaya ce.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Rabi'atu ta kira da safe: Yaya ya ce kada in wahalar da kaina yau. Tunda nake bai taɓa cewa haka ba. Na wanke mota sau biyu don rashin abin yi.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Na kira Rabi'atu na matsa mata. Ta ce tun damina jikin Yaya ya yi nauyi. Da ya ji salansata daga tsamiya sai ya ce, "Maza, ga yaron nan." Kafin in gama faɗa da ramukan hanya ta sa masa riga, ta ɗora hula, ta kama shi zuwa buzu. Wata uku ana haka ban sani ba. Ta ce, "Kai kaɗai ne ba ya so ka gan shi a kwance."
Yaron nan. Ni da furfura har gemu.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Na je ba tare da na tambayi kowa ba. A kwanar tsamiya na tsaya, na danna hon sau uku, dogaye. Sai na ga ya kamata in duba tayoyi. Na duba huɗun, na duba safaya.
Na same shi kan buzu, hula ta ɗan karkace. "Wace irin mota ce wannan, murya kamar ɗan maraƙi?" Na ce ta fi tsohuwar ladabi. Ya sa na kai shi ya shafa ta daga gaba har baya. Ya yarda ranar Talata mu je asibiti, wai don ya ji ko da gaske ba ta jijjiga.

Juma'a, 31 ga Oktoba
Magani ya karɓi Yaya, alhamdu lillahi. Yau da kansa ya riƙe ludayi, ya zubar kaɗan, na kalli wani wajen.
Motar lafiya lau, mai sai ka manta yaushe ka sha. Abu ɗaya ne, na lura tana son hutawa a kwanar tsamiya, kamar minti goma bayan hon. Saboda batirin ne, ina jin. Ban tambayi Bahijja ba.