Kwalabe Ɗari Huɗu, Babu Sunana Ko a Ɗaya

Datti Hambali,
Sashen Rainon Tsirrai,
Cibiyar Lambun Gabas, Kura.
20 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyar Lambun Gabas, Kura.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DANNE MINI HAƘƘI A AIKIN YAWAITA TSIRRAN ADO

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Tsiron nan mai ɗigon fari a ganye, wanda aka yanki tohonsa ranar 3 ga Oktoba, 2023, nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina rainonsa a tukunya a gidana. Ko lokacin da aka rufe ruwan kanal na noman rani, da ruwan shanmu na shayar da shi.

2. Tare muka yi kwas ɗin rainon toho a cikin kwalba da abokin aikina Malam Mudassiru. Kwalabensa na farko duk sun yi baƙi sun ruɓe. Ni na yi ta gwaji wata biyu, har na gano ma'aunin sinadarin da ke sa toho ya yi rassa, da na wanda ke sa shi fitar da saiwa. Ya kwafa daga littafina, ina tsaye.

3. Ranar 6 ga Mayu, da baƙi suka zo daga Kano, shi aka ba farar riga, shi ya yi bayani, shi aka ɗauka hoto. Ni aka tura kawo kujeru. Kwalabe ɗari huɗu, kowace da sunansa. Yanzu har a kasuwar Bunkure "Injiniya" ake ce masa, yana amsawa kuwa. Ba hassada nake yi ba, Allah ne shaida, amma ko maiɗakina sai da ta tambaye ni inda nake a hoton.

Don haka ina roƙo da a sa sunana a kwalaben, a gaban nasa, sannan a sake duba zaɓensa da aka yi zuwa baje-kolin Kaduna.

Ina kuma sanar da Mai Girma cewa tsirran kwalaben da ke kan kanta ta uku sun soma yin rawaya tun ranar Alhamis. Na san dalili, na san magani. Har yau ba wanda ya tambaye ni.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Datti Hambali