Tanar Kwarin Gawo

Dakoro, ranar kasuwa, farkon rani, 1954

Zuwa ga Kimba ɗan ƙanwata, a ɗakin gwajin noma na Maraɗi. Gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki. Ni ne kawunka Abarci. Malam Jimrau ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ka zo ka tafi ban gan ka ba, sai ramu uku na tarar a kwarin gawo bayan gari. An ce ka cika akwatuna da ƙasa, ka tsinci tana, tsutsar nan ta ƙasa, wai Anasaranka yana son ya ga abin da take ci. Tun kana rarrafe na hana noma da kiwo a wurin nan. Ko lakkwal, makarantar Anasara, ta mantar da kai? Maido ƙasar yadda ka ɗauke ta. Kar ka tambaye ni dalili. Allah shi tsare.

*

Maraɗi

Kawu, ina gaishe ku da ladabi, ina neman gafara. Anasaran da nake wa aiki, wanda muke kira Mushe, shi ne ya aike ni. Yana son tana ta riƙa mayar da shara taki don gonakin gyaɗa, kuma duk ƙasar Dakoro ba mu same ta da rani ba sai a kwarinku.

Ga damuwar: ta ƙi ci. Mun ba ta ɓawon gyaɗa, mun ba ta dusa, kullum ina aunawa a sikeli, abincin bai ragu ba. Rabinta ta mutu. Mushe ya ce in ba mu gano cimarta ba kafin Jumma'a biyu, zai zo da kamyo, babbar motar kaya, da masu haƙa, da takardar kumandan, a tone kwarin tsayin mutum a ga abin da ke ƙarƙashi. Kawu, kun san wurin nan fiye da kowa. Me take ci? Na bar ku lafiya.

Ɗanku, Kimba

*

Dakoro

Kimba, gaisuwa. Kwana huɗu takardarka tana cikin hulata. Na je na zauna bakin kwarin da sandata, na ce duk mai haƙa sai ya fara ta kaina. Sannan na tuna gardi biyu, dogaran kumandan, sun isa su ɗauke ni kamar damin kara.

To, saurara. Shekarar agana kana da yaye. Labari ya zo mana cewa garin da cutar ta shiga, gardi na sa wa bukkokinsa wuta. Mu bakwai muka dafa Alƙur'ani ba mai faɗa. Wanda ya cika, mu yi mishi sutura da salla, mu kai shi kwarin, mu baje ƙasa, ba tudu ba alama. Mutum goma sha ɗaya. Shida da muka rantse tare duk sun riga ni.

Na ce maka uwarka Hanatu ta rasu a hanyar Kornaka. Ƙarya na yi. Tana gindin gawon, gabas da ramin da ka haƙa na tsakiya, taku biyu. Da ka ƙara hannu…

Malam Jimrau ya aje alƙalami nan. Ubansa ne na tara cikin goma sha ɗayan nan, sai yau ya ji. Na jira shi har ya iya ɗauka.

Ga amsar Anasaranka. Kowace Jumma'a, shekara ashirin da uku, ina kai ƙasari, ruwan wankin gero, in yayyafa musu. Ina rufe wurin da ƙaiƙayi da ganyen gawo da kashin awaki don kar iska ta tone. Tana ba ta cin sabon abu. Sai abin ya jiƙa, ya kwanta a inuwa, ya yi baƙi, sannan take ci. Ku kun ba ta busasshe kuna tsaye kanta da sikeli, wa zai ci?

Faɗa mishi wannan kaɗai. Sauran naka ne. Rantsuwa na karya ta, gobe zan fara azumi uku. In ka ji haushina, kana da gaskiya. Allah shi ba mu alheri.

*

Maraɗi

Kawu, gaisuwa. Na jiƙa ƙaiƙayi da ƙasari, na gauraya da ruɓaɓɓen ganye, na rufe da buhu. Kwana shida shiru, Mushe har ya sa an zuba wa kamyo mai. Jiya Laraba sikeli ya sauka, abincin ya ragu. Mushe ya rubuta a littafinsa, ya sallami masu haƙa. Bai tambayi inda na samo ba.

Na sauya wa tanar ƙasa. Ƙasarku tana cikin buhu uku, ni zan kawo ta da kaina. Ban san ko na yafe ba tukuna. Ku nuna mini inda kan uwata yake.

Kimba

*

Dakoro

Kimba, taho Jumma'a da hantsi. Malam Jimrau ma zai zo. Ka cire takalman Anasara tun daga bakin kwarin. Tulun ƙasarin ya yi mini nauyi bana, kai za ka ɗauka.

Kawunka, Abarci