Auta Ya Buga Hannu

Zuwa ga Yayana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu ma lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har tana takawa bakin ƙofa ta yi wa masu ajiye mota faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Baban yara yana gaishe ka, shagon ɗinki kuma yana tafiya daidai gwargwado.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ƙanenka Auta, wanda duniya ke kira Guduma, ni kuwa nake kira ciwon kaina. Ka tafi tun yana ɗaga ƙarfe a ɗakin nan na saman garejin makanikai, saboda haka ba ka sha abin da muka sha ba. Shekara da shekaru ana rufe shi a keji da wani ƙato, naushi, shuri, kokawa, murɗe hannu, duk a faɗa ɗaya, mu kuma muna gida Mama ta juya wa talabijin baya tana tambayata ko ya tashi. Ya ci kambu, ya rasa, ya sake ci. Kunnuwansa sun dunƙule kamar ƙullin tsumma. A wasan nasu, idan aka murɗe mutum har ya kasa, sai ya bubbuga jikin abokin karawarsa da tafin hannu, alƙali ya tsayar da faɗan. To, abin alfaharin Auta ke nan a duniya: bai taɓa bugawa ba. Gara ya bari a karya masa hannu, kuma an karya ɗin, ni na yi jinya.

Da ya yi ritaya na ɗauka mun huta, ashe yanzu aka fara. Tun bara hannunsa na dama yake mutuwa. Kofi ya suɓuce masa, ya ce kofin ne mai santsi. Matarsa ce ke ɓalla masa maɓallin riga da safe, shi kuma ya tsaya yana kallon silin kamar alfarma yake yi mata. Likita ya ɗauki hoton wuyansa, ya ce ƙashi ne ya danne jijiya, in ba a yi aiki da wuri ba hannun zai shanye, kuma ba ya dawowa. Auta ya yi dariya ya ce shi da aka shaƙe a gaban dubban mutane bai miƙa wuya ba, ba zai miƙa shi ga mai wuƙa ba. Da ƙyar na ja shi wajen mai gashin ƙashi. Baiwar Allah ta kwantar da shi, ta ce in ya ji zafi ya ɗan buga gadon da hannu za ta dakata. Yaya, da ka ga kallon da ya yi mata, ka ce zagin Mama ta yi. Ta yi ta lanƙwasa shi tana jira, shi yana zufa yana murmushi, muka fito wuyan ya fi da ciwo.

A hanyar komawa ni ke tuƙi, muka shiga cunkoso, raina kuma ya gama ɓaci. Na wanke shi tas. Na ce masa kambun da ya rataya a falo ba zai ɗaura masa takalmi ba. Na ce na gan shi ranar da 'yarsa ta miƙo hannu ya ɗauke ta, ya yi kamar wayarsa ce ta yi ƙara. Ina cikin magana sai ya miƙo hannu ya ɗan bubbuga damtsena, a hankali. Na ɗauka cewa yake in yi shiru, ko in matsa gaba an ba da hanya. Na ce kada ya ƙara taɓa ni ina tuƙi, na ɗora daga inda na tsaya, ban sauke ba sai ƙofar gidansa. Ya fita ya shige, ko waiwaye babu.

Bayan 'yan kwanaki tsohon kocinsa, wannan dattijon mai karyayyen hanci, ya kawo wando a rage masa tsawo. Na samu wanda zan juye wa haushina, na kwashe komai na gaya masa, har na kwatanta bugun a kan teburin yanka. Sai ya ajiye wandon, ya ce in sake yi ya gani. Na sake. Sai ya ce shi ya raini yaron nan tun ba shi da gemu, ya sha roƙonsa daga bayan keji ya buga ya tsira da ƙashinsa, bai taɓa samun abin da na samu a cikin mota ba. Ya ce Auta ya sallama, ya yarda a yi masa aikin ke nan. Ya ƙara da cewa a wajensu da zarar an buga ake saki, wanda ya ci gaba da matsewa shi ne abin kunya.

To ina zan sani, don Allah? Mutum Allah Ya ba shi baki, ya girma a gida ɗaya da ni, amma sai ya yi mini yaren keji a kan titi. Har yanzu in na tuna haushi nake ji, kuma ba zan ɓoye maka ba, sai da na shiga bayan labulen gwaji na yi kukana. Da yamma na je gidansa. Na same shi yana fama da murfin kwalba da hannun hagu. Ban yi masa wa'azi ba, na ce dai na karɓo ranar aiki daga asibiti, mako mai zuwa ne, ni zan kai shi. Ya ce to. Tun da Mama ta haife shi ban taɓa jin "to" ɗin da ta fito da sauƙi haka ba.

Roƙona gare ka shi ne ka kira shi kafin ranar, domin tsoro yake ji, ko da yake zai mutu bai faɗa ba. Amma na san halinka, kai da ka hana shi wannan sana'a tun farko. Kada ka ce ai ka gaya masa, kada ka tono hannun da aka karya, kada ka lissafa masa shekarun da ya ɓata. Ka tambaye shi lafiyar 'yarsa, ka yi masa addu'a, ka ajiye waya. Ni na riga na matse shi bayan ya buga, kada a zama mu biyu.

Ka gaishe mini da matarka Anti da kyau, da yaranku, Babban Yaya ƙarami da 'Yar Lele mai tsoron waya. Mama ta ce a gaya maka ka rage shan shayi da yawa. Matar Auta tana gaisuwa, ta ce a sa su a addu'a. Allah Ya sada mu da alheri, Ya tashi kafaɗar mai taurin kan nan.

Ƙanwarka mai ɗinki,
wadda ta gaji amma ba ta buga ba.