Ku Tambayi Inna Bayan Surukinta Ya Fita

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi wa kakata aiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai, ina gaishe ku da aiki, ku da likitocinku da nas-nas da masu shara. Da farin ciki nake rubuta muku, domin kakata, Inna, ta taka ƙasa da ƙafarta. Amma ina da koke guda, kuma tun da aka sallame mu nake juya shi a raina, ina tsoron kada a ɗauke shi a matsayin rashin godiya. Na bar sunan asibitin da na ma'aikatan da gangan. Ba mutum nake ƙara ba, wata hanyar aiki ce.

Ni ba likita ba ne. Bana na gama digiri a fannin nazarin yadda jikin ɗan Adam ke aiki, ina jiran kiran bautar ƙasa. In na yi kuskure a abin da zan faɗa, a gyara mini.

1. Abin da ya faru. Inna Bafulatana ce, a Tarai take zaune. Saniya ta ture ta wajen tatsa, ƙashin ƙugunta ya karye. Kun yi mata tiyata, aikin ya yi kyau. Ina Kano lokacin, ban iso ba sai bayan kwanaki. Na tarar da ita tana gumi, numfashinta sama-sama, ta riƙe ƙarfen gado, ta ƙi yarda mai gashin ƙashi ya taɓa ta. Har dangi sun fara shawarar a ɗauke ta a kai wa mai ɗori a Fassi. Na tsorata, don na san tsohuwar da ta daɗe a kwance huhunta kan kamu, jini kan daskare a ƙafarta, kuma da wuya ta sake tashi.

2. Inda aka yi kuskure. Duk wanda ya zo zagaye yakan tsaya a bakin gado ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Sai a wuce, a ci gaba da ba ta farasitamol kawai. Yallaɓai, wannan gaisuwa ce, ba awo ba. Kuma ku dubi waɗanda ke wurin: mai jinyarta mahaifiyata ce, 'yar farinta, wadda Inna ko sunanta ba ta faɗa. Mai magana da likitoci kuma mahaifina ne, surukinta, wanda ba ta taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. A gaban waɗannan biyun ake jira ta ce ƙuguna na ciwo?

Ni jika ne, abokin wasa. Da suka fita salla na ce, "Tsohuwa, lalaci ne ya kwantar da ke, in sake ki in auri mai ƙafa?" Ta ce, "Kai miji marar cefane, rufa mini asiri. Wuta ce a ƙashina, kamar an tura garwashi." Na ruga wurin nas, na roƙa a ba Inna magani mai ƙarfi. Ta saurare ni da mutunci, amma ta ce Inna ba ta taɓa kuka da ciwo ba, kuma ba sa son su mai da tsohuwa 'yar ƙwaya.

3. Abin da na karanta game da zafin ciwo. A fata da nama da fatar da ta lulluɓe ƙashi akwai bakunan jijiyoyi waɗanda aikinsu jin lahani. In nama ya ji rauni yakan saki sinadarai da ke ƙara musu saurin ji, shi ya sa ko taɓawa kaɗan kan yi zafi. Saƙon na tafiya ta jijiyoyi iri biyu: masu sauri, da ke kawo sukar farko, da masu jinkiri, da ke kawo zugi da ƙuna irin wanda Inna ta kwatanta. Dukansu suna tsayawa a laka, cikin ƙashin baya, su miƙa saƙon ga wata jijiya, ita kuma ta tsallaka ɗaya gefen ta hau da shi ƙwaƙwalwa. A can wani sashe yake gane inda ciwon yake, wani sashen kuma yake sa ya dami mutum. Dauriya tana rufe baki ne kawai. Ba ta hana saƙon hawa, ba ta hana zuciya bugawa da sauri.

Allah ya yi wa jiki nasa maganin, ana kiransa endofin, kuma yana da wuraren da yake kamawa a jikin jijiyoyi. Mofin, maganin zafin ciwo mai ƙarfi, da danginsa waɗannan wuraren suke kamawa. A laka suna rage sinadarin da jijiyar farko ke saki, suna kuma sa ta biyu ta yi nauyin amsawa. A ƙwaƙwalwa suna ƙarfafa wata hanya da ke saukowa ta danne saƙon, suna rage damuwar da ciwon ke sawa.

Ban raina tsoron nas ɗin ba. Duk wanda ya zauna a tashar babura ta Rano ya ga abin da taramol ya yi wa samari. Mofin yana iya rage numfashi, musamman ga tsoho, yana sa barci da tashin zuciya, yana ɗaure ciki, kuma jiki kan saba da shi in an daɗe ana sha. Amma ɗan kaɗan, na 'yan kwanaki, bisa umarnin likita, ana lura da numfashi, ga kuma nalokson a ajiye wanda ke warware shi, wannan daban yake da abin da ake saya a bayan tasha.

4. Yabon da ya wajaba. Daga baya nas ɗin nan ce da kanta ta kira likita. Likitar ta zo, ta roƙi iyayena su ba ta wuri, ta ja labule, ta zauna ta tambayi Inna a hankali. Ta rubuta mofin daidai da shekarunta, ta sa a riƙa duba numfashinta. Kafin la'asar Inna ta saki ƙarfen gado. Ta ce ciwon yana nan amma ya koma can nesa, sannan ta ce wa ya dama wannan furar marar nono, a kai wa mai ita. Duk ɗakin aka yi ta dariya, har matar gadon kusa ta roƙe mu mu bari saboda ɗinkinta. Washegari ta yarda aka tsayar da ita. Maganar mai ɗori ta mutu. An janye mofin kafin sallama, kuma ba ta taɓa tambayarsa ba. Yanzu da sanda take zagaya gida, tana yi wa kowa faɗa.

Roƙona, Yallaɓai: a riƙa tambayar majinyaci zafin ciwo shi kaɗai, bayan an gama gaisuwa, dangi sun fita. A riƙa duban gumi da numfashi da yadda mutum ya ƙanƙame jiki, ba bakinsa kawai ba. In tsohuwa ta fi sakewa da Fulatanci, a nemo mai jin sa wanda ba ta jin kunyarsa. A kuma zauna da nas-nas a kan mofin, har su san amfaninsa kamar yadda suka san haɗarinsa. A ɗakin matan nan na ga wasu tsofaffin da babu jika kusa da su.

Inna za ta dawo a duba ta bayan girbi, kuma wataƙila ina wata jiha lokacin. Wannan ne ke hana ni sakewa. Mahaifina ya yi mini alkawarin zai sauke ta ya koma wajen babur ɗinsa ya jira. Sauran yana hannunku.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a hannuwanku da iyalanku, ya ba marasa lafiyarku sauƙi na gaskiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Nura, jikan Inna, daga Tarai